Fankar da Wuta ke Juyawa: Bin Sawun Wani Tsohon Labari daga Mairuwa

Duk bazara, idan zafi ya hana mutanen Mairuwa barci aka fito da tabarmi ƙofar gida, sai kakana, Allah Ya jiƙansa, ya ɗauko labarinsa na fanka. Mun ji shi ya fi a ƙirga. Ya ce yana saurayi, lokacin da yake aikin lebura a gonar auduga ta Daudawa, an taɓa aikensa da saƙo gidan wani Bature. Yana tsugune a bakin ƙofa yana jiran amsa, sai ya ga boyin gidan ya ɗauko wani abu mai fukafukai huɗu ya ajiye a kan tebur, ya ƙyasta ashana ya kunna wata 'yar fitilar kananzir da ke ƙarƙashinsa. Boyin ya ɗan dakata, sannan ya sa yatsa ya tunkuɗa fiffike ɗaya. Shi ke nan abu ya kama juyi, yana ƙas-ƙas-ƙas a hankali, iska tana ɗaga takardun da ke kan teburin.

"Babu waya, babu batir, babu tururi," in ji shi, yana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya. "Wuta a ƙasa, iska mai sanyi a sama. Da idona na gani."

Mu jikoki dariya muke yi, da yake akwai wasa tsakaninmu da shi. Mukan ce, "Haba Kaka, wutar da ke sa mutum gumi ita ce kuma za ta yi masa fifita?" Manya ba sa dariya a gabansa, amma a bayan ido sun kasu biyu. Wasu suna ganin tsufa ne ya cakuɗa masa fitila da fankar lantarki. Wasu kuma suka ce asirin Nasara ne, abin da aka yi da asiri kuwa ba a neman dalilinsa. Shi dai bai sauya ko kalma ɗaya ba har ya koma ga Mahaliccinsa, kuma wannan ne ya tsaya mini a rai. Mai shara ƙarya yakan ƙara gishiri duk sanda ya maimaita. Labarin Kaka kuwa kullum fukafukai huɗu ne, kullum sai an dakata, kullum sai an tunkuɗa da yatsa.

Da na girma, sai na fara auna labarin da zamaninsa. Daudawa, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Faskari a yau, ta zama cibiyar irin auduga tun shekarun 1920, lokacin da Turawa suka kafa gonar da ake ninka iri ana raba wa manoma. Layin dogo ya taso daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, yana kwasar auduga da gyaɗa, yana dawowa da gishiri da atamfa da garewanin kananzir. Ke nan akwai Turawa a yankin, akwai kananzir, akwai zafin Maris da Afrilu, lantarki kuwa ko labarinsa babu a ƙauye. Duk abin da irin wannan fanka ke bukata ya hallara.

Fankar kuwa gaskiya ce. An ƙera ta da yawa, an sayar da ita a ƙasashe masu zafi tun daga farkon ƙarni na 20. Akwai mai suna Ky-Ko da ake yi a Landan, wadda jami'an mulkin mallaka da 'yan mishan suka yi ta ɗauka zuwa inda babu wuta. Akwai Jost da ta yi kasuwa a Indiya, akwai Lake Breeze ta birnin Chicago a Amurka. Har yau ana ganinsu a gidajen tarihi da hannun masu tara kayan da, wasu ma suna aiki. Ranar da na fara ganin ɗaya tana juyi a bidiyo, da 'yar fitilarta a gindi, na daɗe ban ce komai ba. Kaka bai yi ƙarya ba, tsufa kuma bai ruɗe shi ba.

Sai dai warware wannan ƙulli ya fito da wasu biyu da suka fi shi tauri. Ta yaya harshen wuta ke juya ƙarfe ba tare da tururi ko fashewar mai ba? Idan kuma har akwai injin da fitila kaɗai ke tayar da shi, wanda ba ruwansa da fetur, ina ya shiga, me ya sa ba mu gan shi a bakin dam ɗinmu yana ban-ruwa ba?

Amsar ta farko tana tsakar gidan kowa. Ɗauki jarka marar komai, ka murɗa murfinta gam da asuba, ka bar ta a rana. Kafin azahar za ka tarar ta kumbura. Dare ya raba, sanyi ya sauka, sai kumburin ya sace, wani lokaci har da ƙara. Ba abin da ya shiga, ba abin da ya fita. Iskar cikin ce ta buɗe da zafi, ta tsuke da sanyi. Masana sun auna abin: iskar da ke digiri 27 a ma'aunin Salshiyas, idan aka kai ta digiri 327, girmanta yakan ninka biyu in ta sami wurin buɗewa, in kuma ba ta samu ba sai ƙarfin turinta ya ninka. Wannan jarka inji ce, illa dai numfashi ɗaya take yi a yini.

Mai son ta yi numfashi ɗari a minti fa? Zai iya tunanin ya riƙa kai ta wuta yana tsoma ta a ruwa, amma jikin jarkar ba zai yi zafi ya huce da wannan saurin ba. Dabarar da ke cikin fankar Kaka ita ce a ƙyale mazubin inda yake, gindinsa kullum a kan wuta, kansa kullum a sanyi, a riƙa kora iskar ciki tsakanin ɓangarorin biyu. Ana saka wani toshi marar nauyi a ciki wanda bai kama bango ba, ni na raɗa masa suna makori. Idan makori ya hau sama, ya cinye wurin, dole iska ta gangara gindi, ta sha zafi, ta buɗe, ta tura fistan waje. Idan ya sauko, iska ta koma sama, ta huce, ta tsuke, iskar waje ta maido da fistan ciki. Iskar nan guda ita ce ke ta kai da kawo, ba ta ƙarewa, ba ta ƙonewa. Makori da fistan duk a jikin sandar juyi ɗaya aka ɗaura su, amma makori yana gaba da rubu'in zagaye, kamar zagi a gaban doki: shi ke buɗe hanya, doki ya biyo.

A nan na gane abubuwa biyu da Kaka ya riƙe ba tare da ya san dalilinsu ba. Dakatawar boyin, jira yake gindin ya ɗauki zafi. Tunkuɗawar yatsa kuwa, makori ba ya motsi sai sandar ta juya, sandar ba ta juyawa sai makori ya motsa, don haka dole wani ya raba gardamar da hannu.

Gani ya kori ji, amma taɓawa ta fi duka. Na ƙudura sai na ƙera nawa. Na tafi Funtuwa wurin wani dattijo mai ƙirar gwangwani, irin masu yin mazurari da aci-balbal da ludayin awo. Na zazzage masa kayana a gaba: gwangwanayen lemo biyu, gwangwanin tumatir babba, balan-balan da zai tsaya a madadin fistan, wayar ƙafar keke da za a lanƙwasa ta zama sandar juyi, tsofaffin fayafayan CD uku da za su zama ƙafar da ke riƙe juyi, da zaren fatsa da na karɓo wurin masunta a bakin dam. Ya saurari bayanina har ƙarshe bai katse ni ba, sannan ya ce, "To Malam, mu gwada. Ƙarfe ba ya ƙarya."

Yini biyu muka yi muna yanka, muna liƙi. Muka kunna kyandir, muka jira, na tunkuɗa. Ƙafar ta yi zagaye ɗaya da rabi ta tsaya. Na sake, ta sake tsayawa. Na ƙara kyandir na biyu, fenti ya ƙone, hayaƙi ya tashi, ko gezau. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na riga na sa rai.

Dattijon ya karɓa, ya kai kunnensa jikin gwangwanin yana ɗaga makori da hannu. Ya ce, "Malam, abin nan yana numfashi ta inda bai kamata ba." Ya aiki yaronsa ya kawo ruwan sabulu, ya shafa a duk mahaɗa, yadda mai faci ke neman huda a tayar babur. Nan take kumfa ta tsiro a ramin da zaren fatsa ke wucewa, da kuma gefen balan-balan. Ramin da na huda da ƙusa ya yi faɗi. Muka sake murfi, ya huda da allura, ya ɗiga bakin mai a wurin. Daga nan ya ce in kashe wutar, in cire zaren, in juya ƙafar ita kaɗai. Ta yi zagaye uku ta tsaya. Ya girgiza kai. A ganinsa, ƙafar da ba ta iya daɗewa tana juyi da kanta ba, iskar cikin gwangwani ba za ta iya ɗaukar nauyinta ba. Ya miƙe wayar a kan maƙera da 'yar guduma, ya buɗe ramukan da take kwana a ciki, ya liƙa tsohon kwabo a gefen faifan don ya daidaita nauyin makori. Kuskure na ƙarshe nawa ne: na lanƙwasa gwiwoyin sandar suna kallon gabas da yamma, alhali ɗaya gabas ya kamata ta kalla, ɗaya arewa. Zagi ya yi wa doki nisa.

Da la'asar ta yini na uku muka sake kunnawa. Na tunkuɗa. Ƙafar ta yi zagaye ɗaya, ta yi kamar za ta tsaya, balan-balan ya kumbura ya ture ta, ta wuce. Sai ga shi yana tashi yana faɗawa kamar ƙirjin jariri mai barci, wayar tana ƙas-ƙas-ƙas. Sautin nan shi ne wanda Kaka ke kwaikwaya da bakinsa a kan tabarma. Yaran makwabtan rumfa suka taru. Dattijon ya ce, "Ikon Allah," ni kuwa hawaye ne suka cika mini ido.

Bayan kamar minti goma sai ya fara ja da baya, har ya tsaya, alhali kyandir na ci. Na taɓa kan gwangwanin, ya ƙona ni. Muka zuba ruwan randa a gwangwanin tumatir da muka kewaya kansa da shi, na tunkuɗa, ya tashi da ƙarfin da ya fi na farko. Wannan shi ne darasi mafi girma da injin ya koya mini. Zafi kaɗai ba ya ciyar da shi. Abincinsa tazarar da ke tsakanin zafi da sanyi ce. In sama da ƙasa suka yi daidai, ko da duka jajur suke, ya mutu. Wani Bafaranshe mai suna Sadi Carnot ya bayyana wannan ƙa'ida a 1824, kuma da gangarar ruwa ya yi misali: ruwan da ke kwance a dam ba ya juya komai sai ya sami inda zai gangara. Lissafinsa ya nuna iyakar da babu injin da zai haura. In gindi na digiri 200, kai na digiri 30, mafi yawan abin da zai zama aiki kashi 36 ne cikin ɗari na zafin. In kan ya yi zafi ya kai digiri 100, sai ya faɗo kashi 21. In aka kai gindin digiri 600 aka riƙe kan a 30, sai ya haura kashi 65. Daga baya na gano cewa tsumma jiƙaƙƙe da aka naɗa a kan injin yana yin abin mamaki a lokacin hunturu, don busasshiyar iska tana shan ruwan tana tafiya da zafin. Hikimar randa ce, wadda marigayi Mohammed Bah Abba ya ɗaukaka da tukunya cikin tukunya har ya sami kyautar Rolex a 2000.

Gyara na ƙarshe da muka yi shi ne ya kai ni ga mai injin. Makorinmu na farko guntun gwangwani ne rufaffe, iska tana bi ta gefensa. Muka musanya shi da curin soson waya, irin na wanke tukunya, wanda iska ke ratsawa ta cikinsa. Gudun injin ya ƙaru a fili. Dalili kuwa, iska mai zafi in za ta hau sama sai ta bar zafinta a jikin siraran wayoyin, in za ta dawo sai ta karɓi abinta. Rumbu ne na zafi: a zuba da kaka, a ɗiba da bazara, sai dai nan kaka da bazarar suna zagayowa sau da yawa a cikin daƙiƙa guda.

Wannan rumbu shi ne ainihin abin da Robert Stirling ya ƙirƙira. Limamin coci ne a ƙasar Sikotlan, an haife shi a 1790, ya nemi takardar haƙƙin ƙirƙira a 1816, shekarar da aka naɗa shi limami a garin Kilmarnock, yana da shekara 26 ba cikakku ba. A lura, shekara takwas ke nan kafin Carnot ya yi rubutunsa. Hannu ya riga ilimin lissafin isa wurin. A 1818 an kafa injinsa yana jan ruwa a wata mahaƙar dutse. Ƙanensa James, wanda injiniya ne, ya haɗa kai da shi suka matse iskar ciki don ƙarin ƙarfi, har a 1843 suka kafa babban inji da ya riƙa juya dukkan na'urorin wata masana'antar zubin ƙarfe a birnin Dundee, yana cin gawayi ƙasa da injin tururi. Amma gindin da ke kan wuta ya fashe har sau uku cikin shekara huɗu, a 1847 aka cire shi aka maido da tururi. Ƙarfen zubi na wancan zamani ba ya jure zama jajur dare da rana. A 1876, shekara biyu kafin rasuwarsa, Stirling ya rubuta cewa da sabon ƙarfen da ake kira Bessemer ya zo da wuri da injin iska ya yi nasara, ya kuma bar aikin ga wani gwanin maƙeri na gaba. Cikakken bayanin takardarsa ta 1816 ma bai fito a buga don kowa ya karanta ba sai 1917, a mujallar The Engineer.

Tsakanin nan an yi babban ruɗu a kan rumbun zafi. A lokacin, masana da yawa sun ɗauka zafi wani ruwa ne da ba a gani, wanda ba ya ƙarewa. John Ericsson, injiniya ɗan Suwidin da ke zaune a Amurka, ya yi imani cewa da rumbun waya za a iya kama zafin nan a yi ta juya shi, wuta kaɗan ta isa. A 1853 ya sa jirgin ruwa a teku a New York da injin iska mai silinda huɗu, kowace faɗinta ƙafa 14. Jirgin ya tafi, amma a sanyaye, ƙarfinsa bai kai ko kusa da abin da aka yi alkawari ba. A 1854 guguwa ta nutsar da shi, da aka tsamo shi sai aka sa masa injin tururi. Gaskiyar da James Joule da wasu suka tabbatar a shekarun 1840 ita ce, zafin da ya zama aiki ya tafi ke nan, sai an kawo sabo. Rumbu yana hana ɓarna, amma ba ya noma.

Ina ambaton wannan ne saboda matasanmu. Ba a daɗewa ba a ji wani yaro mai basira ya fito da "janareta marar mai" ba, an ɗauke shi bidiyo ana ta yabo. Ina jin zafin abin a raina, don hazaƙar gaskiya ce ake kashewa a kan hanyar da ba ta ɓullewa. Ericsson da kuɗinsa da sunansa ya bi ta ya dawo. Injin iska mai zafi ba ya cin fetur, gaskiya ne, amma sai an ba shi wuta ko rana, sai kuma an ba shi sanyi.

Saura tambaya ta biyu: ina ya shiga? Na sha jin ana cewa kamfanonin mai ne suka binne shi. Tarihi bai nuna haka ba. Ƙananan injinan sun yi kasuwa sosai. Kamfanin Rider-Ericsson ya sayar da dubbai a Amurka da wajenta, suna jan ruwan rijiya a gonaki da gidaje da itace ko gawayi, har zuwa shekarun 1930. Abin da ya kayar da shi yana cikin jikinsa. Injin fetur, wanda Nikolaus Otto ya daidaita a 1876, a cikin silinda yake ƙona mai, zafi yana haifuwa a tsakiyar iskar nan take. Injin Stirling kuwa wutarsa a waje take, dole kowane ɗigon zafi ya ratsa bangon ƙarfe ya shiga, ya sake ratsa wani bangon ya fita. Ga kuma inda gizo ke saƙa: in ka ninka tsawo da faɗi da zurfin injin sau biyu, iskar ciki ta ninka sau takwas, bangon da zai ɗumama ta kuwa sau huɗu kawai. Shi ya sa na gwangwani ke gudu kamar zai tashi sama, na ganga kuma ya yi ta nishi. In ka ce za ka ƙara bango da ƙananan bututu, ka ƙara wurin da iska ke laɓewa ba ta aiki. In ka matse iskar don ƙarin ƙarfi, ka jawo wa kanka yaƙi da zirara. Kowace mafita da kuɗinta.

Duk da haka an yi ta komawa gare shi, kuma kowane karo wani abu mai araha ke shan gabansa. A 1938 kamfanin Philips na ƙasar Holan ya ɗauko shi daga kwandon mantuwa, da nufin ƙera ƙaramin janareta na kananzir da zai kunna rediyo a ƙasashe irin namu. Suka yi aiki na shekaru, suka fito da mai ba da wat 200, suka ƙera kimanin 150 a farkon shekarun 1950. Kafin ya shiga kasuwa sai ga rediyon tiransista da ke aiki da batir ƙanana, bukatar ta gushe. A 2010 an kafa manyan madubai 60 masu tara hasken rana a kan injinan Stirling a jihar Arizona ta Amurka. A 2011 kamfanin da ya ƙera su ya karye, domin farashin farantan sola ya faɗi warwas. Inda ya tsira shi ne inda babu mai iya aikinsa. Jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku na Suwidin, samfurin Gotland na shekarun 1990, da shi suke tafiya shiru na makonni ba su leƙo sama ba. In kuma aka juya shi da injin lantarki maimakon a ba shi wuta, sai ya koma injin sanyi. Da wannan kamfanin Philips ya riƙa mayar da iska ruwa tun shekarun 1950, da shi kuma ake yin wasu firjin ajiye rigakafi a yau.

Misalin da ya fi kama da mu daga Bangaladesh ya zo. A farkon shekarun 1980, wani mai suna Merrick Lockwood, tare da kamfanin Sunpower na William Beale da ke jihar Ohio, sun ƙera inji mai ƙarfin doki 5 da ke cin ɓuntun shinkafa yana juya injin casar shinkafar. Wato sharar aikin ita ce makamashin aikin. Ya yi aiki, amma ya ɗauki shekaru ana gyara, kuma sai da ƙarfe mai jure wuta da injin gurza ƙarfe da ma'auni na ƙwarai. Akwai kuma wata dabara da Colin West ya fito da ita a Ingila a 1969, mai suna Fluidyne, inda ruwa a cikin lanƙwasasshen bututu ke tsayawa a madadin fistan da makori duka. Ba ta da ƙarfi sosai, amma ba abin da ke gogar wani a cikinta, kuma aikinta na asali ɗaga ruwa ne.

Yanzu mu dawo gida. Ƙasar Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara ƙasar masara ce. Bayan kaka, totuwa tuli-tuli take a bakin kowace masussuka, wata a kai murhu, wata a cinna mata wuta a banza. Ga ɓuntun shinkafa a bayan injinan casa. Ga dam ɗin Mairuwa da ke shayar da Funtuwa, ruwan sanyi a kwance. Wuta da sanyi, abinci biyun da injin ke nema, Allah Ya ajiye mana su gefe da gefe. Tun kuma da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000, mai noman rani ya san abin da injin ban-ruwa ke ci masa.

Amma ba zan yaudari kowa ba. Na gwangwani bai kai ƙarfin wat ɗaya ba, injin ban-ruwa mai doki 5 kuwa yana neman wat 3,700. Tazarar nan ba a tsallake ta da balan-balan. Manomin da ke neman ruwa a bana, farantan sola sun fi masa. Hukuncina shi ne, injin iska mai zafi yana da gurbi biyu a wurinmu. Na farko ƙaramin aiki na haƙuri: ɗaga ruwa a hankali zuwa tanki da daddare ko a kwanakin hazo, da totuwa, lokacin da sola ke barci. Wannan aiki ne da ya dace injiniyoyin Jami'ar Ahmadu Bello da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da Kwalejin Hassan Usman Katsina su gwada tare da masu walda na Funtuwa, su fara da mai fistan ruwa tunda shi ya fi sauƙin ƙira. Gurbi na biyu ya fi girma a wurina, shi ne aji. Yaron da ya nemi zirara da ruwan sabulu, ya daidaita nauyi da kwabo, ya ga inji ya mutu don kansa ya yi zafi ya kuma farfaɗo da ludayin ruwa, ya riƙe ilimin da allo ba zai ba shi ba, kuma ba mai sake sayar masa da labarin janareta marar mai. Yaran yankinmu sun ga tashin hankali fiye da kima a shekarun nan, makarantu sun sha rufewa. Sun cancanci su ga wani abu ya motsa da aikin hannunsu.

Don haka ina roƙon duk malamin kimiyya da wannan rubutu ya iso gare shi, daga Mairuwa zuwa Sabuwa da Ƙanƙara, ya sa ɗalibansa su tara gwangwanin lemo biyu, da soson waya, da balan-balan, da wayar ƙafar keke, ya kuma gayyato maƙerin gwangwani na garinsu ya zauna da su. Kuɗin kayan bai kai na litar fetur biyu ba. Idan kun kunna ya ƙi tashi, kada ku ƙara wuta. Ku fara da ruwan sabulu.